Nasiha Kan Karantar da Ƙananan Yara Halittar Allah

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya saukar da ruwa daga sama, Ya fitar da tsiro iri-iri daga turɓaya guda. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan nasiha ce zuwa ga malaman da aka damƙa wa amanar yara 'yan aji ɗaya zuwa uku na firamare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ganin yadda ake koyar da darasin tsirrai da dabbobi a yawancin makarantunmu. Malam ya zana ganye a allo, yara su rera sunayen sassansa har muryoyinsu su dushe, alhali ga dalbejiya a bakin taga tana zubar da ganye, ba wanda aka ce ya ɗauko ko guda. Wannan tauye haƙƙin yaro ne, domin gani ya kori ji.

Ka sani, ya ɗan'uwa, duban halitta umarni ne. A cikin Suratul Gashiya an kira mu mu dubi raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa. Akwai surorin da aka sa wa sunan saniya da ƙudan zuma da tururuwa da gizo-gizo da giwa. Annabi Ibrahimu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa yadda Yake rayar da matattu, ba don shakka ba, sai don zuciyarsa ta natsu. Sai aka umarce shi ya kama tsuntsaye huɗu da hannunsa. Idan badaɗin Allah ya nemi gani da ido, ina ga yaro ɗan shekara shida? Magabata sun bi wannan hanya. Jahizu na Basra ya wallafa Kitabul Hayawan bisa abin da ya karanta da abin da ya lura da shi. Ibnul Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, bai yarda da maganar na gabansa kan haske ba sai da ya jarraba ta a ɗaki mai duhu.

Kada wani ya kafa hujja da rashin kayan aiki. A samo gwangwani uku, a huda gindinsu, a cika su da ƙasa, yara su shuka wake da hannunsu. Na farko a ajiye shi a rana ana ba shi ruwa, na biyu a hana shi ruwa, na uku a ba shi ruwa amma a kulle shi cikin duhu. Kafin komai malam ya tambaye su abin da suke zaton zai faru, ya saurari kowa ba tare da tsawa ba. Cikin mako guda na farko zai fito kore shar, na biyu zai kwanta yadda aka binne shi. Na ukun ne zai ba su mamaki, don zai tsiro dogo siriri, fari fat ko rawaya, ba ƙarfi. A tono ƙwaya ɗaya su ga saiwa ce ke fara fita ta nufi ƙasa, ko ta wace fuska aka kwantar da irin. Yaron da ya ga haka ba ya bukatar hadda kafin ya san amfanin ruwa da haske.

Haka nan a kafa sanda a filin makaranta, yara su riƙa sa tsakuwa a ƙarshen inuwarta da hantsi da tsakar rana. Za su ga tana gajercewa, sa'an nan ta juya gabas ta fara tsawo. Wannan shi ne zawalin da malaman fiƙihu suka sa alamar shigar Azahar. A ƙasar Kano, wajen ƙarshen Afrilu, inuwar kan kusa ɓacewa da tsakar rana, saboda rana na bi ta tsakar ka. Da damina malam ya ɗebo talibambam a kwalba, shi da kansa, don kada yara su shiga kududdufi su kwaso tsargiya. Su lura da ƙafafun baya na fitowa kafin na gaba, wutsiya tana ƙanƙancewa. In akwai gawo kusa, a kai su ƙarƙashinsa su ga itacen da ke kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani, su tambayi iyayensu dalilin da manoman Damagaram da Maraɗi ke barinsa a tsakiyar gona.

Wajibi ne a haɗa wannan karatu da tausayi. Ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har ta mutu, kuma Manzon Allah ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke. Ya kuma kasance yana tambayar ƙaramin yaro Abu Umairu labarin ɗan tsuntsunsa. Saboda haka duk abin da aka kamo a mayar da shi inda aka same shi, kada a karya reshe a banza, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Ya ku malamai, ku fitar da yaran nan daga aji ko da sau ɗaya a mako, ku yi musu bayani da harshen da suke ji. Ya ku iyaye, in yaro ya dawo da ƙasa a riga da tambaya a baki, ku amsa masa da haƙuri. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya ba mu ikon sauke amanarsu, amin.