SHIN IMANI DA SAMUWAR DAINOSO YA SAƁA WA ALƘUR'ANI?



'Yan uwa, wani bawan Allah ne ya same ni bayan sallar Isha'i, ransa a jagule. Ya ce: "Malam, yarona ya fara yi mini wasu tambayoyi da ban san kansu ba." Yaron ɗan sakandare ne. An koya musu labarin dainoso, waɗannan manyan dabbobin da ake ce wa kakannin ƙadangare. Da ya je islamiyya ya yi tambaya, sai aka ce masa ƙaryar Yahudawa ce, duk wanda ya yarda imaninsa ya sami matsala. Yaro ya yi shiru. Ana nan sai hutu ya kai shi Yamai wajen kawunsa, aka shiga da shi gidan tarihi na Boubou Hama, ya ga ƙasusuwan da idonsa, an jera su sun fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Da ya dawo sai ya ce wa babansa: "Baba, in malam ya yi kuskure a wannan, ta yaya zan san bai yi kuskure a sauran ba?"

Wallahi wannan tambayar ta fi ta dainoso nauyi. Ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da abin da ke ƙasa. Ƙasusuwan nan ba a fim kawai suke ba, kuma ba sai an je Turai ba. A nan maƙwabtanmu, a yankin Agadas, akwai wani wuri cikin hamadar Tenere da ake kira Gadufawa, yana cikin wuraren da suka fi shahara a Afirka wajen irin waɗannan ƙasusuwa. Wani Bafaranshe, Philippe Taquet, ya yi tono a can tun shekarun 1960. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya zo da tawagarsa, a 1999 suka raɗa wa wata dabba suna Nigersaurus, wato ƙadangaren Nijar. Tsawonta ya kai kimanin mita 9, haƙoranta sama da 500, ciyawa take ci. A wajen Ingal kuma aka tono Jobaria, wadda aka ciro sunanta daga wata halitta ta tatsuniyar Buzaye, domin makiyayan wurin sun daɗe suna ganin ƙasusuwan kafin wani Bature ya zo. Hatta a jihar Sakkwato an sami ƙasusuwan wata dabbar teku, har aka sa mata suna Goronyosaurus saboda garin Goronyo. Ita ba dainoso ba ce, amma zamaninsu ɗaya, kuma tana nuna cewa teku ya taɓa kwanciya a inda muke noma gero yau.

To wanda ya ce duk wannan ƙarya ce, da me zai amsa wa yaron da ya tsaya gaban ƙashin ya gani?

Sai mu koma ga Littafin Allah. Shin akwai ayar da ta ambaci dainoso da suna? Babu. Kalmar ma wani Baturen Ingila ne, Richard Owen, ya ƙirƙire ta a 1842. Amma rashin ambaton abu daban, kore shi daban. Alƙur'ani bai ambaci raƙumin dawa ba, bai ambaci jimina ba, kuma ba wanda ya ce babu su. Kai, Annabawa ma, waɗanda su ne mafifitan halitta, Allah Ya faɗa mana a Suratu Gafir aya ta 78 cewa akwai waɗanda bai ba mu labarinsu ba. In ba a lissafo Annabawa duka ba, ina ga dabbobi? Alƙur'ani littafin shiriya ne, ba a saukar da shi don ƙidayar namun daji ba.

Kuma ƙofar a buɗe take. A Suratun Nahli aya ta 8, bayan Allah Ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, sai Ya sanar da mu cewa Yana halittar abin da ba mu sani ba. A Suratul Baƙara aya ta 164 Ya ambaci yadda Ya watsa kowane irin dabba a bayan ƙasa. A Suratul Ankabut aya ta 20 kuma umarni ne aka yi a yi tafiya cikin ƙasa a duba yadda halitta ta faro. Mai tono a Gadufawa, ko ya sani ko bai sani ba, abin da aka ce mu yi ne yake yi, mu kuwa muna zaune muna musu.

Inda mutane suka fi rikicewa shi ne maganar shekaru. Masana suna cewa duniya ta kai shekara biliyan 4.5, dainoso sun bayyana kimanin shekara miliyan 230 da suka wuce, suka ƙare shekara miliyan 66 baya, galibinsu suna danganta hakan da wani ƙaton dutse da ya faɗo daga sama a yankin Yukatan na ƙasar Meziko. Ba da ka suke faɗa ba. Akwai sinadarai cikin duwatsu, irin su yuraniyom ɗin nan da ake haƙa a Arlit, waɗanda suke rikiɗa zuwa darma a hankali bisa wani ma'auni sananne. Idan aka auna nawa ya rikiɗa, nawa ya rage, sai a ƙiyasta shekarun dutsen.

Sai wani ya ce: "Malam, ai duniya shekararta 6,000 ko 7,000 ne." Ɗan uwa, a wace aya? Lissafin 6,000 ɗin nan ya shahara ne daga wani limamin Kirista ɗan ƙasar Ayalan, James Ussher, wanda a 1650 ya bi jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya ce an yi halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ruwayar 7,000 kuwa da take yawo a wasu littattafanmu na tarihi, Ibnul Ƙayyim ya sa ta cikin hadisan ƙarya a littafinsa Al-Manarul Munif, Ibnu Hazmin ma ya ce mu Musulmi ba mu yanke wani adadi ba. Kun ga ashe rigimar wasu muka ɗauko muka ɗora wa kanmu, ɗan garin bai ce ba, baƙo ya ce.

Kwana shida na halittar sammai da ƙasa fa? Mun yi imani da su kamar yadda suka zo. Amma malaman tafsiri tun da can sun yi saɓani kan tsawonsu, ko irin kwanakinmu ne ko wasu daban. Alƙur'ani da kansa ya ambaci yini mai tsawon shekara 1,000 a Suratus Sajda, da mai tsawon shekara 50,000 a Suratul Ma'arij. Sannan ba Annabi Adamu (AS) ne farkon halitta ba. Mala'iku sun riga shi, aljanu sun riga shi kamar yadda ya zo a Suratul Hijri, ƙasa da abin da ke kanta sun riga shi. Farkon Suratul Insan ma tunatar da mu yake cewa an yi wani zamani da ba a ko ambaton mutum. Nawa ne tsawon wannan zamanin? Allah bai faɗa mana ba.

Sai dai a kula, kada a gudu daga wannan rami a faɗa wancan. Akwai masu zumuɗi da suke cewa aya kaza dainoso take nufi, ko waɗanda suka yi ɓarna a ƙasa kafin Adamu su ne dainoso. Wannan faɗa wa Allah abin da bai faɗa ba ne. Abin da aka ruwaito daga magabata a tafsirin aya ta 30 ta Baƙara aljanu ne. Haka nan hoton nan na ƙwarangwal ɗin wani ƙaton mutum da ake ta turawa ana cewa Adawa ne aka tono a Saudiyya, haɗin kwamfuta ne. Don Allah a daina turawa. Addinin gaskiya ba ya buƙatar a tallafe shi da ƙarya.

Iyakarmu a fili take. Abin da nassi ingantacce ya yanke, kamar cewa Allah ne Mahaliccin komai, kuma Ya halicci Adamu daga ƙasa ba uwa ba uba, ba ma ja da baya a kansa ko da wa ya zo. Abin da nassi ya yi shiru a kai kuma bincike ya tabbatar, mu karɓa, ya ƙara mana ganin girman Allah. Abin da yake hasashe ne, kamar launin fatarsu ko irin kukansu da ake ji a fim, mu bar shi a matsayin hasashe. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya littafi guda ya wallafa don nuna cewa lafiyayyen hankali ba ya karo da ingantaccen nassi. In ka ga kamar sun yi karo, to ko dai ruwayar ba ta inganta ba, ko ba a fahimce ta ba, ko binciken bai nuna ba.

Ya ku malaman islamiyya, abokan aikina, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Cewa "ban sani ba, bari in bincika" ba ya rage wa malami daraja. Imamu Malik ya sha faɗar haka. Amma in ka ce wa yaro abin da ya gani da idonsa ƙarya ne, kuma ka jingina hakan ga addini, ran da ya gano gaskiya ba kai kaɗai zai daina yarda da kai ba. Ku kuma iyaye, yaro mai tambaya ba kafiri ba ne, a zaunar da shi a saurare shi.

Na ce wa mutumin nan ya kawo mini ɗansa. Muka zauna bayan La'asar, na ce ya ba ni labarin abin da ya gani a Yamai, ya yi ta bayani da ɗoki. Da ya gama na ce: "To yarona, waɗannan ƙattin sun yi sama da shekara miliyan 160 a bayan ƙasa, ba wanda yake ciyar da su sai Allah, yau ga su nan ƙashi a cikin yashi. Kai da ni nawa za mu yi?" Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, ban taɓa kallonsa ta nan ba."

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare imanin 'ya'yanmu, Ya kare mu daga faɗar abin da ba mu da ilimi a kai.

Wallahu a'alam.