Kwana Huɗu a Baitanya

Akwai wata magana da a kan ji a gidajen makoki na masu-bi, ta kuwa daɗe tana damuna. Mace ta rasa mijinta, tana zub da hawaye, sai wani dattijo ya sunkuyo ya ce mata, "Haba, yi shiru mana. Ina bangaskiyarki?" Nufinsa alheri ne, na sani. Amma ya ɗora mata kaya biyu, ga baƙin ciki, ga kuma kunya. Bari mu buɗe Bishara ta Yohanna, sura 11, mu ga ko haka Ubangijinmu ya yi.

Baitanya ƙauye ne a gefen Dutsen Zaitun, wajen mil 2 daga Urushalima. Can ne gidan Marta da Maryamu da ɗan'uwansu Li'azaru, gidan da Yesu ya ke ƙauna. Sa'anda ciwo ya kama Li'azaru, matan suka aika wa Yesu a ƙetaren Urdun. Ya ji saƙon sarai, duk da haka ya ƙara kwana 2 a inda ya ke. Ku yi tunanin kwanakin nan a gidan Marta: a leƙa hanya, a komo wurin majiyyaci, a sake leƙawa, ba kowa. Har rai ya yi halinsa. Yahudawa su kan binne mutum ran da ya mutu, kamar yadda a ke yi a ƙasarmu, saboda haka suka kai shi wani kogo, suka rufe bakinsa da dutse. Ko da Yesu ya iso, gawa ta kwana 4 a kabari.

Marta ce ta fita ta tarye shi, Maryamu kuwa tana zaune a gida tare da masu-ta'aziyya. Amma da kowace ta gan shi, kuka ɗaya ta kawo, cewa da ya zo da wuri da ba su yi wannan rashi ba. Wanene a cikinmu bai taɓa faɗa wa Allah haka a zuciyarsa ba? Ku lura, Yesu bai tsauta wa ko ɗayarsu ba. Marta ya yi mata zance, ya nuna mata tashin matattu da ta ke hange can nesa a ranar ƙarshe yana tsaye a gabanta, shi ne da kansa. Maryamu kuwa, wadda ta faɗi a ƙafafunsa tana kuka, bai yi mata wa'azi ba ko kaɗan. Ya tambayi inda aka sa mamacin, sai hawaye suka zubo masa, har na tsaye suka shaida irin ƙaunar da ya ke yi wa mutumin.

Abin mamaki ke nan. Ya sani jim kaɗan zai kira Li'azaru ya fito da rai, amma sanin nan bai hana shi hawaye ba. In mai-tashe matattu ya yi kuka a bakin kabari, wane ne ni da zan ce wa gwauruwa kukanta rashin bangaskiya ne? Ko Istifanus, da aka jejjefe shi, mutane masu-ibada ne suka binne shi, suka kuma yi masa makoki mai-yawa.

Amma fa kada mu manta, Li'azarun nan ya sake mutuwa daga baya. Begenmu ba a kan kogon Baitanya ya tsaya ba, a kan kabarin Yesu ne, wanda aka tarar ba kowa a ciki a rana ta uku. Wajen shekara ta 50, masu-bi na Tasalonika sun damu ƙwarai saboda waɗansunsu sun rasu tun Ubangiji bai komo ba, suna tsoro ko an bar su a baya ke nan. Bulus ya rubuta musu. Bai hana su baƙin ciki ba, ya dai raba shi da irin na wanda ba ya sa ran kome bayan kabari. Ya ce da mamatan nan masu-barci, ya tabbatar musu su ne ma za su riga tashi. Shi ya sa masu-bi na dā suka sa wa makabarta suna da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin kwana. Mu ma a Hausa mu kan ce da kabari makwanci. Wanda ya kwanta, ai ana sa ran tashinsa.

Ba kullum a ke nuna mana dalilin jinkirin Ubangiji ba. A 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar kawo bishara ƙasashen nan. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida shi kaɗai. Sai a 1902 aka kafa tasha a Fategi, a 1932 kuma Littafi Mai-Tsarki dukansa ya fito da Hausa. Mu yau muna iya duban baya mu ga abin da ya biyo. Amma iyayensu, ran da labari ya same su a ƙetaren teku, ba su ga ko ɗaya cikin waɗannan ba. Abin da su ke da shi a hannu shi ne abin da Marta ta ke da shi kafin a kawar da dutse, wato alkawarin Yesu kaɗai.

Domin wannan, sa'anda kun je ta'aziyya, kada ku yi saurin fassara wa mutum dalilin rashinsa, gama ba ku san shi ba. Ku zauna, ku yi addu'a gajeriya, in hawaye ya zo muku kada ku ɓoye shi. Ku sake komawa kuma bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, gama lokacin ne gida ya kan yi shiru. Ku tambaya ko akwai hatsi a rumbu, ko an biya wa yara kuɗin makaranta. In damina ta faɗi, samarin ekklesiya su ɗauki fartanya su je gonar gwauruwan nan tun ciyawa ba ta rufe shuka ba.