Kada Mu Jira Sai Yaro Ya Tuɓe a Kasuwa

Jama'a, iyaye da malamai da masu unguwanni, akwai wata cuta da ke ɗaukar mana 'ya'ya muna kallo, ba ma farga sai ta gama cin ƙarfinsu. Likitoci na kiranta sikizofireniya, ciwo ne na ƙwaƙwalwa da ke hargitsa tunanin mutum har ya kasa bambance abin da ke faruwa a zahiri da abin da kansa ke raya masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum miliyan 24 ne ke fama da ita, wato kusan ɗaya cikin kowane 300. Takan fara ne daga ƙarshen shekarun balaga zuwa shekaru ashirin da 'yan kai, kuma takan riga kama samari kafin 'yan mata.

Mu a wurinmu, ba a yarda mutum ya samu taɓin hankali sai ya yi jifa, ko ya tuɓe, ko ya shiga bola. Alhali kafin a kai nan, sau da yawa an shafe watanni, wani lokaci shekaru, yaron yana sauyawa a gaban idon kowa. Wannan tsakanin shi ne lokacin da taimako ya fi amfani, shi ne kuma muke ɓarnatarwa.

Ku dubi yadda abin ke somawa. Yaron da aka sani da fara'a ya daina zuwa majalisa, ya bar ƙwallo, ya ƙule a ɗaki. Dare ya zama masa rana. Wanka sai an yi faɗa, riga ɗaya mako guda. Sakamakon jarrabawa ya faɗi warwas, malamin Islamiyya ya ce haddarsa ta zube, in ana magana da shi sai ya yi zuru kamar ba ya wurin. Fuskarsa ta daina nuna murna ko baƙin ciki. Maganarsa ta fara tsalle daga wannan zance zuwa wancan ba haɗi. Daga nan sai zargi ya shigo: maƙwabta da shi suke, an sa masa wani abu a tuwo, mai labarai a rediyo saƙo yake aiko masa, ana bibiyar wayarsa. Wani zai riƙa murmushi shi kaɗai, ko ya juya kamar an kira shi, domin yana jin muryoyin da babu mai jin su sai shi. Waɗannan muryoyi a kunnensa gaskiya ne, ba ƙarya yake yi ba, kuma tsoron da ke cikinsa ya fi namu.

Me muke cewa a lokacin? Uba ya ce iskanci ne, ya ɗauko bulala. Uwa ta ce sammu ne, ta fara zargin kishiya. Kaka ta ce iska ce ta taɓa shi. In yarinya ce, sai a rufe zancen ruf don kada manema su gudu, ko ma a gaggauta aurar da ita wai aure zai daidaita ta. Wannan zalunci ne gare ta da mijin da aka ɓoye wa.

Ba kowane yaro mai shiru ko ƙiwuya ke da wannan ciwo ba. Balaga kanta tana zuwa da miskilanci, kuma ciwon damuwa, farfaɗiya, zazzaɓi mai taɓa ƙwaƙwalwa da shaye-shaye duk suna iya kawo irin waɗannan alamu. Abin lura shi ne yaro ya sauya daga yadda kuka san shi, alamu da dama su taru, su ɗauki makonni ba sauƙi. Tantancewa aikin likita ne. A ƙara sa ido idan akwai mai irin ciwon a dangi, domin gado na da hannu a ciki, haka kuma idan yaron na shan wiwi, wadda bincike ya nuna tana ƙara haɗarin kamuwa, musamman ga wanda ya fara ta da ƙuruciya.

Idan kun ga haka, uba ko uwa ko kawun da yaron ya fi sakewa da shi ya zauna da shi a keɓe. Kada a ce masa "ƙarya kake", kada kuma a gaskata masa cewa maƙwabci na binsa. A tambaye shi a hankali: "Ɗana, me ke hana ka barci? Kana jin wani abu da ke tsorata ka?" Sannan a kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Malam Aminu Kano a Kano. Wanda ke nesa ya fara da babban asibiti mafi kusa, za a tura shi inda ya dace. In kuwa yaro ya ambaci kashe kansa, ko ya ce muryoyin na ba shi umarni, ko ya ƙi ci ya ƙi sha, to a ranar za a tafi, ba gobe ba.

Malamanmu masu ruƙya, ku ne ake fara kawo wa waɗannan yara, don haka amanar ta fi nauyi a wuyanku. Ku yi addu'a, ku kuma ce wa iyaye su wuce asibiti. Addu'a ba ta hana shan magani. Amma mari da turu da duka ba su taɓa warkar da ƙwaƙwalwa ba, sai ƙara mata rauni, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Najeriya ta samu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncin irin waɗannan marasa lafiya.

Magani yana nan tun shekarun 1950, kuma da yawa daga waɗanda aka gano ciwonsu da wuri sun koma makaranta, sun yi sana'a, sun yi iyali. Sai dai yana son haƙuri. Yakan ɗauki makonni kafin a ga tasirinsa, yana iya kawo yawan barci, ƙiba ko sandarewar jiki. In haka ta faru a koma wa likita ya gyara ko ya canza. Kada a dakatar da shi don an ga yaro ya warware, domin yanke magani ne kan gaba wajen dawo da ciwon, kuma kowace dawowa takan fi ta baya wuyar sha'ani.