Kuɗi sun zo, ruwa ya tafi

Duk wanda ya saba tsayawa kan gadar Kennedy da la'asar ya leƙa gefen otel ɗin Gaweye ya san kogin Isa ba kamanni ɗaya gare shi ba. A Agusta da Satumba ja ne jawur, don lakar da ƙoramu ke kwaso masa. Wajen Janairu ruwan tsaunukan Gini ya iso Yamai, kogi ya cika maƙil ya yi duhu. Kafin Mayu ya ja da baya, yashi ya fito, masu wanki su bi shi ciki, suna shanya riguna a inda kwalekwale ke wucewa wata huɗu da suka gabata. Su dai ba su da asara, inda ruwa ya tsaya nan suke kafa dutsensu.

Mai kyamara ne ruwan ke ba wuya. Akwai wani ɗan maƙwabcina da harkar fim ta shiga ransa. Ya ɗauki rabin labarinsa cikin kwalekwale, ƙasan Gaweye, lokacin da kogi ke cike, sai aljihu ya bushe. Wanda ya yi masa alkawarin ciko bai cika ba sai cikin Mayu. Na gamu da shi bakin gadar, ya yi tagumi. Na ce, "Kai kuwa lafiya?" Ya ce, "Kawu, kuɗi sun zo, ruwa ya tafi." Ya haƙura ya jira wata Janairun. Kafin ta zagayo jarumar ta yi aure, maigidanta ya ce a kai kasuwa, yaron da ke fitowa a matsayin ƙanenta kuma muryarsa ta fashe, har gemu ya fara tsiro.

Mu nan da ginin bulo-bulo muka saba. Bana a yi harsashi, baɗi a kai linta, rodi ya yi shekara biyar yana kallon sama, ba wanda zai ce uffan, don bango ba ya sake fuska. Shi ya sa mai kuɗi ke mamaki idan darakta ya ce masa rabin kuɗi ba ya yin rabin fim. Ana son mutum talatin, da kayan haya, da rana iri ɗaya, da ruwa iri ɗaya, duk su haɗu cikin 'yan makonni. Ɗaya ya kuɓuce, sauran su watse, kuma sake tara su ya fi tarawar farko tsada.

Abin ba yau ya fara ba. Darakta Jean Rouch, wanda cibiyar al'adun da ke kusa da gidan tarihi, 'yan taku kaɗan daga Gaweye, ta taɓa ɗaukar sunansa, ya fara ɗaukar Jaguar a 1954, yana bin Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel daga Ayorou zuwa cirani a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Kyamararsa irin wadda ake wanawa da hannu ce, ba ta ɗaukar murya, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi take tsayawa sai an sake wana ta. Hotuna suka samu, magana babu. Sai daga baya aka zaunar da Damouré da Lam gaban majigi suna kallon kansu suna zuba hira da barkwanci ana naɗa. Fim ɗin bai fito ba sai 1967, shekara 13 ke nan. A ganina hirar nan ta bayan fage ita ce daɗin Jaguar, amma Rouch yana da albashi da ɗakin aiki a Faris, jira bai hana shi cin tuwo ba.

Daraktocin gida irin su Oumarou Ganda da Moustapha Alassane ba su samu wannan gata ba. Zaren fim na milimita 16 daga Faransa ake sayo shi, can ake mayar da shi a wanke, can ake yanka da haɗawa. Darakta na iya ƙare ɗauka a Yamai ya yi watanni bai ga abin da ya ɗauka ba, in an samu kuskure kuwa 'yan wasa sun daɗe da watsewa. Duk da haka Ganda ya ciyo kyautar Étalon de Yennenga ta farko a bikin fina-finai na FESPACO na 1972 da Le Wazzou polygame. Ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, daidai zamanin da kuɗin uraniyom suka tada tsohuwar unguwar Gaweye aka kafa otel da zauren taro a gurbinta. Ba a jima ba farashin uraniyom ya faɗi, gwamnati ta tsuke baki. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ake biya a Faris ya ninka cikin dare ɗaya. Gidajen sinima suka riƙa rufewa, fim ya rasa ƙofar da zai maido kuɗinsa.

Abin da ya rage shi ne asusun tallafi na ƙetare, kuma kowanne sai ya ga sa hannun ɗan'uwansa kafin ya saki nasa. Kafin na uku ya amsa, wa'adin na farko ya wuce. Rahmatou Keïta ta fitar da Al'lèèssi, kan rayuwar 'yar wasa Zalika Souley, a 2004. Dogon fim ɗinta na gaba, Zin'naariyâ, sai 2016. Kano ta bi ta wata hanya, ɗauka cikin mako ɗaya ko biyu da kuɗin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, kodayake wani lokaci gaggawar na nunawa a jikin aikin.

Ɗan maƙwabcin nawa yanzu hotunan biki yake ɗauka. Rabin fim ɗin na nan cikin kwamfutarsa. Kwanan baya ya ce mini ya sake rubuta labarin: yarinyar za ta shiga kwalekwale ta haye Harobanda, tsallaken kogi, ta ƙi dawowa, ƙanen nata, da gemunsa, shi zai fita nemanta a kan yashi cikin watan Mayu.