Sharhin Baitoci Biyu a kan Shukura

Muna farawa da sunan Allah, muna gode masa bisa ni'imominsa waɗanda ba su ƙirguwa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, na ce a cikin waƙar:

Godiyar harshe da rumbu a kulle ba ta isa,
Sai ni'ima ta taka ta je ɗakin na ƙasa.
Mai gode wa Rabbu, shaidarsa na ga maƙwabcinsa,
In shi ya kwan da yunwa, ina amfanin hamdalarsa?

Ka sani, ya kai ɗan'uwa muridi, Allah ya datar da ni da kai, cewa Imamu Gazali, wanda ya rasu shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa shukura gida 3 a cikin Ihya'u: ilimi, da hali, da aiki. Ilimi shi ne ka san Mai bayarwa. Hali shi ne zuciyarka ta yi farin ciki da shi. Aiki shi ne ka sarrafa ni'imar cikin abin da yake so. Mafi yawanmu mun tsaya ga furuci, muna jan tasbaha, alhali na ukun yana nan a bayanmu. A Suratu Saba'i, aya ta 13, da aiki aka umurci iyalan Annabi Dawuda su yi godiya.

Darikarmu ta Shehu Ahmadu Tijani, Allah ya yarda da shi, ana kiranta hanyar shukura. To, wanda ya ɗauki wannan suna, hujja ta fi nauyi a kansa.

Dubi kaka. Shari'a ta ce hatsin da ruwan sama ya shayar, in ya kai wusƙi 5, wato sa'i 300, a fitar da ɗaya cikin 10; in da wahalar ban-ruwa aka shayar da shi, rabin haka. Wannan haƙƙi ne, bashi ka biya. Shukura tana farawa daga can, da damin da ka aika wa gwauruwa ba wanda ya tilasta ka. Ka tuna ma'abota gonar nan ta Suratul Ƙalami, da suka ƙulla su yi girbi da sassafe don kada miskini ya shigo musu, suka iske ta ƙurmus. Dattawan Maraɗi da Damagaram da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san mai rumbu goma yana iya wayar gari da ƙoƙo a hannu.

Wani zai ce: Malam, ni matalauci ne, me zan raba? Amsa: kowace ni'ima da irin zakkarta. Mai ƙarfi ya taya tsoho noma. Wanda ya iya Fatiha ya gyara wa wanda bai iya ba. Mai lafiya ya gaida majinyaci. Kuma ka gode wa mutumin da alheri ya biyo ta hannunsa, ko matarka ce da ta daka fura, domin hadisin Abu Dawuda da Tirmizi ya nuna rashin gode wa mutane rashin gode wa Allah ne. Wannan ba ya taɓa tauhidi: guga kake yaba wa, kana sane da Mai rijiya.

Wani kuma zai ce: ina tsoron riya. Tsoro ne mai kyau, amma maganinsa ɓoye kyautar da barin gori. Shaiɗan yakan zo wa marowaci da rigar tsentseni, ya hana shi bayarwa da sunan ikhlasi.

Saboda haka, kowane dare bayan lazimi, ka ƙirga ni'ima ɗaya da ta same ka a yinin, ka tambayi kanka wa ya ɗanɗana ta tare da kai. In babu, gobe ka nemo shi. Alkawarin ƙari ga mai godiya yana Suratu Ibrahima, aya ta 7, kashedin kuma yana biye da shi a ayar.

Allah ya sanya mu cikin bayinsa masu godiya, waɗanda su kaɗan ne, albarkacin Fiyayyen Halitta. Amin.