Fure, Goro da Hatsi: Abin da Ake Kai wa Gidan Makoki a Adar

Labarin rasuwa yakan iske ɗan Tebaram yana tsakiyar ciniki a kasuwar Ajame ta Abijan. Kafin ya gama salati ya nemi wurin zama, can gida an riga an aika yara neman ganyen magarya, an auno likkafani, samari sun kama hanyar maƙabarta da diga da shebur. In da safe aka cika, kafin azahar an rufe. Ko da motar haya na jiransa a bakin kasuwa, kwanaki ne tsakaninsa da ƙauyensu da ke yamma da birnin Tawa, a ƙasar Adar. Abin da yakan yi sananne ne ga duk gidan da ke da ɗa a wajen bida: ya nufi reshen kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, ya tura jaka goma ko ashirin gwargwadon ƙarfinsa, ya kira ƙanensa ya ce a sayi hatsi da sukari da goro a kai cikin gida, a ce daga gare shi.

Irin wannan buƙata ce ta haifar da wata babbar sana'a a Amurka. A shekarar 1910 wasu masu sayar da furanni suka haɗa ƙungiyar da aka sani da FTD, suka yi yarjejeniya cewa mutum zai biya kuɗi a shagon garinsu, a buga tangaraho zuwa wani shago a garin da aka yi rasuwa ko haihuwa, can a ɗaure furanni ɗanyu a kai har ƙofar gida da sunansa. Yau waya da intanet sun gaji tangaraho, amma dabarar tana nan. Na nesa yana son a ga hannunsa a wurin da ƙafarsa ba ta kai ba. Ɗan Tebaram da Ba'amurken damuwarsu guda ce, kayan saƙon ne suka bambanta, kuma a cikin wannan bambanci akwai tambaya ta addini da ta hankali: me ya kamata a miƙa wa wanda mutuwa ta shiga gidansa?

Masanin al'adu na Ingila Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya lura cewa a yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba a noma fure don ado, ba a kai shi kabari, ba a yin kyauta da shi. Abin ya tsaya masa a rai har ya rubuta littafi sukutum a kan al'adar furanni a 1993. Da ya zo Adar da ya ga haka, kodayake ba fure aka rasa ba. Bagaruwa tana yin nata ruwan ɗorawa, gawo yana yin nasa bayan damina lokacin da sauran itatuwa ke kaɗe ganye, lalle yana da fure mai ƙanshin da ke cika tsakar gida da dare, albasar Galmi da aka bari don iri tana ɗaga fararen kawuna a fadama. Manomi dai kallon alkawari yake yi musu. Bununin gero albishir ne na zangarniya, furen wake albishir ne na ƙwarya cike, wanda ya tsinke su kuwa ya yi ɓarna. Itacen da ya fi kowane kyan fure a dajin nan, mai kaurin gindi da jan fure a tsakiyar rani, sunansa ƙarya, kuma kowane yaro ya san karin maganar da ke cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Akwai kuma lissafin ruwa. Ruwan saman da Tawa ke samu a shekara da ƙyar yake kai milimita 400, a cikin wata uku ko huɗu. Wardin da ake kaiwa gidajen makoki a Turai, da yawansa a gefen tafkin Naibasha na Kenya da tsaunukan Habasha ake noma shi, a ɗora shi a jirgin sama cikin sanyi zuwa kasuwar Aalsmeer ta Holan, inda ake gwanjon miliyoyin furanni kowace rana. Matar da ke tashi da asuba ta bi layin rijiya mai gaba da yawa ba za ta zuba guga guda a kan abin da ba a ci ba.

Sai dai talauci da fari ba su isa su bayyana komai ba, domin attajiran Tawa da suka gina benaye da kuɗin Abijan su ma ba su kai fure ta'aziyya. Tushen yana cikin abin da aka karanta a zaure. A shekara ta 8 bayan hijira, da labari ya iso Madina cewa Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci iyalinsa su dafa wa iyalin Ja'afar abinci, ya kuma faɗi dalili: abin da ya same su ya shagaltar da su. Abu Dawuda da Tirmizi da Ibn Maja duk sun ruwaito shi, kuma Muhtasar na Halil, wanda malaman Adar ke karantarwa, ya lissafa shirya wa mutanen mamaci abinci da yi musu ta'aziyya cikin abubuwan da ake so. Dalilin da aka bayar shi ne ma'aunin. Mai baƙin ciki ba ya iya hura wuta, yaransa kuwa yunwa ba ta san an yi mutuwa ba. Kyautar da ta dace da shi ita ce wadda za ta sauke masa wani nauyi. Shi ya sa maƙwabta ke shigowa da ƙoren fura da akushin tuwo, wata ta kawo itace, wata ta ɗebo ruwa, maza su shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida su zauna. Mai zuwa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙan rai, ya sa ya huta." A amsa masa, "Amin, Allah ya ba da lada." A shafa fatiha, ya ajiye ɗan abin da ya zo da shi a gefen tabarma ba tare da ya ambata ba.

Wanda zai ce Musulunci ya ƙi fure ya yi gaggawa. A cikin Sahihu Muslim akwai hadisin Abu Huraira da ke hana mayar da kyautar raihani, wato tsiro mai ƙanshi, saboda ba shi da nauyin ɗauka ga kuma daɗin ƙanshi. Miji ya kawo wa matarsa fure, ko a kai wa majinyaci a likita, ko a tarbi baƙo da shi kamar yadda ake yi wa shugabanni a filin jirgin Yamai, duk kyauta ce cikin kyaututtuka, kuma asalin al'ada halasci ne. Gardamar malamai a bakin kabari take.

Can ma tana da tushe mai ban sha'awa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Annabi ya wuce wasu kaburbura biyu, ya ce ana yi wa masu su azaba, ɗaya saboda rashin kiyaye fitsari, ɗaya saboda annamimanci. Ya karɓi ɗanyen reshen dabino ya tsaga biyu, ya kafa a kan kowane, da fatan a sassauta musu muddin rassan ba su bushe ba. Malam Haɗɗabi, wanda ya rasu a 388 bayan hijira, ya ce albarkar hannun Annabi da addu'arsa ce ta yi aiki, ba ɗanyantakar reshen ba, don haka ya ƙi abin da mutanen zamaninsa ke yi na sa ganyen dabino a kaburbura. Ibn Hajar, ƙarnuka huɗu da wani abu bayansa, ya kawo hujjar cewa sahabi Buraida ya yi wasiyya a sa masa rassa biyu a kabarinsa, kuma sahabi ya fi na baya sanin manufa. A ƙarni na 20 malamin hadisi na Masar Ahmad Shakir ya goyi bayan Haɗɗabi da zafi, ganin yadda manyan Alƙahira suka koma ajiye furanni a kaburbura irin na Turawa. Amma a tsibirin Jawa na Indunusiya Musulmi na watsa furanni a kaburburan iyayensu gab da azumi, a Indiya da Pakistan kuma jan wardi ake zubawa. Al'umma ɗaya ce, alƙibla ɗaya, kowa da malaman da yake bi.

Ra'ayin Haɗɗabi ya fi kwanciya a zuciya, don dalili mai sauƙi: babu wanda ya san abin da ke cikin kabari in ba wanda aka yi wa wahayi ba, kuma abin da nassi ya tabbatar yana isa ga mamaci shi ne addu'a da sadaka da biyan bashinsa. Kabarin Adar tudun ƙasa ne da 'yan duwatsu, wani lokaci da ƙaya a kai don kare shi daga dabbobi. Na sarki da na talaka kusan ɗaya suke. Wannan daidaito abu ne mai daraja, kuma fure, da yake na mai kuɗi ne a ƙasa irin wannan, zai iya ɓata shi.

Duk da haka bai kamata a raina abin da mai kai fure ke nufi ba. Bafaranshen da ke ɗaukar tukunyar fure zuwa kabarin uwarsa ranar 1 ga Nuwamba, ko dubban mutanen da suka lulluɓe ƙofar fadar Kensington da furanni bayan rasuwar Gimbiya Diana a 1997, suna faɗin abin da baki ya kasa: ga abu mai kyau, gobe zai yanƙwane, haka wanda muka rasa. Alƙur'ani da kansa, a surar Ɗaha, ya kira ƙawar duniya da sunan fure, a surar Kahfi kuma ya kwatanta rayuwa da tsiron da ruwa ya raya sannan ya bushe iska ta sheƙe shi. Mutum ba ciki ne kawai ba. Bahaushe ma ya san haka, shi ya sa yake da goro. Goro ba ya ƙosarwa. Daga kurmin Gana da Kodibuwa da kudancin Najeriya ake ɗauko shi, a naɗe shi cikin ganye, a riƙa yayyafa masa ruwa don kada ya bushe, kuma fatake sun yi ƙarnuka suna ratsa daji dominsa. Tsada, nisa, saurin lalacewa, rashin amfanin ciki, duk siffofin da ake zargin fure da su goro yana da su. Da shi ake neman aure, da shi ake raɗa suna, da shi da dabino ake sallamar malaman da suka yi wa mamaci addu'a. Wanda ya gane dalilin miƙa goro ba zai yi wa mai miƙa wardi dariya ba.

Wurin da ya kamata Adarawa su tsaya su duba kansu daban ne. Hadisin Ja'afar ya ce a kai wa gidan mutuwa abinci, amma a gidaje da yawa al'amarin ya juye: gidan mutuwar ne ke ciyar da gari. Baƙi su sauka kwana uku, wasu bakwai, a daka gumba, a soya waina, a dawo ranar arba'in. Ana buɗe rumbun da marayu za su ci har kaka, wani lokaci a sayar da akuyar da ta rage, don kada a ce an yi wa mamaci rowa. Sahabi Jarir ɗan Abdullahi ya ce su a zamaninsu taruwa a gidan mamaci da dafa abinci bayan binnewa suna lissafa shi cikin kukan mutuwa da aka hana. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taɓo bidi'o'in jana'iza a littafinsa Ihya'us Sunna, kuma tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 wa'azinta ya ƙetaro iyaka, sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in suka zama abin jayayya a masallatan Tawa da ƙauyukanta. Masu riƙo da su suna cewa sadaka ce da addu'a, ladan yana isa ga mamaci, kuma taron yana ɗinke zumunci. Maganarsu tana da nauyi in mai hali ne ya yi daga dukiyarsa da son ransa. In daga gadon marayu aka ɗiba, ko bashi aka ci don gudun gori, to an ɗora kaya a kan wanda aka ce a sauke wa.

Sai batun ƙafa. A Adar ana yafe wa mutum rashin kawo komai, ba a cika yafe masa rashin zuwa ba. Wanda ya dawo daga Libiya ko Abijan bayan shekara biyu, kafin ya huta sai ya zaga gida gida ya yi gaisuwar duk waɗanda suka rasu ba ya nan, ko da ya riga ya aiko da kuɗi ya kuma kira a waya. Saƙon yana riƙe masa wuri ne kawai har ya iso. Yanzu wannan ma yana wuya. Tun harin 21 ga Maris 2021 a ƙauyukan Intazayen da Bakorat da Wistan na yankin Tiliya, inda gwamnati ta ce an kashe mutum 137 aka kuma yi zaman makoki na ƙasa na kwana uku, hanyoyin arewa da yammacin jihar Tawa ba su da tabbas kamar da. Ta'aziyya da yawa ta koma muryar da ake naɗa a WhatsApp, a kunna wa tsohuwa ta saurara ta ce amin.

Bayan kwana uku ana naɗe tabarmi, baƙi su hau motocin kasuwa su koma. Matar mamacin tana da wata huɗu da kwana goma na takaba a gabanta, kuma a lokacin ne gidan ke yin shiru na gaske. Kuɗin Abijan sun ƙare a hidimar baƙi. A yawancin gidaje wadda ke shigowa a rana ta huɗu da ta ashirin maƙwabciya ce, da tulun ruwa a kai ko ƙwaryar gero da ta surfa tare da nata, ta ce, "Iya, ya ƙarin haƙuri?" ta zauna a bakin ɗaki ta taya ta tsince yakuwa har la'asar ta yi.