Na Wa Ne Jikin Nan?

Wata Asabar da sassafe mu uku muka tafi Goron Dutse domin mu hau. Dukanmu mun haura shekara arba'in da biyar, dukanmu kuwa ma'aikatan ekklesiya ne. Wanda ya san Kano ya san dutsen nan. Yana cikin ganuwa ta wajen yamma, shi da Dala su ne matafiyi ya kan hango tun bai iso birni ba. Ba wani tsawo gare shi ba, yaran unguwa ma a guje su ke hawansa. Amma mu kam, kafin mu kai rabi sai da muka zauna sau biyu. Ɗayanmu ya dafe ƙirji yana haki, ya ce, "Malam, yaushe muka zama haka?" Ba wanda ya amsa masa.

Tun ran nan wata tambaya ta ke damunmu. Shin mutum yana da laifi in ya bar jikinsa ya lalace da zama da ciye-ciye, ko kuwa wannan sha'aninsa ne shi kaɗai?

Waɗansu 'yan'uwa za su ce jiki ƙasa ne, rai shi ne abin kula. Su kan tuna mana cewa Bulus ya gaya wa Timoti amfanin horon jiki kaɗan ne. Gaskiya ne. Amma kaɗan ya ce, bai ce babu ba. Mu tuna kuma irin mutumin da ya faɗi haka. Shi ne wanda ya bar abokansa suka shiga jirgi a Taruwasa, shi kuwa ya taka da ƙafa har Asus, tafiyar wajen mil ashirin. Wanda ya yi kwana uku bai taka ko zuwa bakin titi ba, bai kamata ya fake da maganar Bulus ba.

Kakanninmu ba su bukaci tambayan nan ba. Sa'ad da Bature Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da gonaki masu faɗi a cikin ganuwa kanta. Maza suna noma, fatake suna taka sawu, mata suna daka da niƙa da ɗaukar ruwa. Aikin yini shi ne motsa jikinsu. Yau inji ya ke niƙa, A Daidaita Sahu ta ke kai mu kasuwa. Ba mu ce a mai da mata kan dutsen niƙa ba, gama injin nan jinƙai ne, duk wadda ta taɓa niƙa dawa kwano biyu ta sani. Abin da ya faru shi ne, aikin ya ragu, cin bai ragu ba.

A 1953 wani likita a Ingila, Jeremy Morris, ya buga sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin haya masu bene na birnin Landan. Direba yana zaune yini zubur. Kwandasta kuwa yana hawa yana sauka, matakai ɗaruruwa kowace rana. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi ƙwarai. Mu da mu ke zaune a ofis da shago da kan teburin shirin wa'azi, mu tambayi kanmu ko wane ne mu a cikin motan nan.

To, mu koma ga mai cewa, "Jikina ne, ina ruwan wani?" Mun sha zuwa gaisuwa gidan da hawan jini ya kā da maigida, ɓarin jikinsa ya shanye. Wa ke juya shi da dare? Matarsa. Wa aka cire daga makaranta domin ta zauna da shi? 'Yarsa. Kuɗin da aka tara na karatun yara, kantin magani ya cinye. Ran da jikin ya faɗi, sai mu ga ashe mutum takwas ko goma ne su ke rataye a jikinsa. Abin da mutum goma su ke dogara a kai, ba ya yiwuwa mutum ɗaya ya ce nasa ne shi kaɗai. Amana ce aka ba mu riƙo, mai riƙon amana kuwa za a tambaye shi.

Amma a nan sai mu yi hankali. Kada wani ya karanta wannan ya tafi ya tsaya a kan majinyaci yana lissafa masa zunubi. Akwai masu ciwon sukari da suka gāda, akwai siraran mutane masu hawan jini. Da almajirai suka ga makahon nan tun haihuwa suka tambaya laifin wa ne, Ubangiji bai ɗora wa kowa ba. Tambayan nan ta mai sauran ƙarfi ce, ya yi wa kansa tun da sauran dama.

Batun abinci ya fi ba mu kunya. A wurinmu tumbi shaidar arziki ne, in mutum ya rame sai a ce matarsa ba ta kula da shi. Da samu ya zo sai mu raina tuwon dawa da gero da wake da kwaɗon zogale da rama, mu ce abincin ƙauye ne, mu koma ga farar shinkafa da burodi da soye-soye. Alhali abin da muka raina shi ne likitoci su ke roƙon mai ciwon sukari ya koma gare shi. Daniyel da abokansa sun bar abincin sarkin Babila suka roƙi ganye da ruwa kwana goma, mu kuwa muna gudun abin da su suka roƙa.

Ga kuma wata al'ada tamu ta masu bi. Fasto ya fita ziyara gida shida, kowane gida a ajiye masa lemon kwalba, in ya ƙi a ce ya raina. Kwalba ɗaya tana ɗauke da sukari kamar ƙaramin cokali takwas. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce kamar cokali goma sha biyu a yini, gishiri kuma kada ya kai giram biyar, watau ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Ku lissafa da kanku abin da mu ke yi wa bawan Allah da sunan ƙauna. Ruwan sanyi a moɗa mai tsabta ya isa karɓar baƙo, mai karɓa kuma kada ya ji an rage shi.

Yaya za a fara? Hangen Dala ba shiga birni ba ne, mun kuwa daɗe muna hange. Hukuman nan ta ce minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri ya isa babba, watau rabin sa'a sau biyar. Ba a bukatar kuɗi ko tufafi na musamman. A sauka daga A Daidaita Sahu tun ba a kai gida ba, a ƙarasa da ƙafa. Wanda majami'a ba ta yi masa nisa ba ya taka. Matan Zumunta su haɗu biyu biyu ko uku uku da yamma, maigida kuma kada ya hana. Wanda ya manyanta, ko ya kan ji ciwo a ƙirji ko jiri, ya fara zuwa a gwada jininsa tukuna. A kwano kuma a rage lomar tuwo a ƙara ganye da wake, a sa daddawa a rage dunƙule. Kada a ce za a sāke kome da kome ran Litinin, gama mai yin haka ran Alhamis ya ke bari.

Mu uku mun yi alkawarin komawa Goron Dutse kowace Asabar. A ta huɗu sau ɗaya muka zauna. A ta biyar mu biyu ne, gama ɗan'uwanmu da ya dafe ƙirji ya je an gwada shi, an ce jininsa ya hau, ya sha magani ya riƙa tafiya a fili tukuna. Ya jira mu a gindin dutse yana kai da kawowa har muka sauko.